Muhawara: shirin Vikings, yaƙin addini ne ko neman ganima?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina so masana tarihin cikinmu su raba gardama kan shirin nan mai dogon zango, Vikings, na maharan teku daga arewacin Turai, wanda tashar History ta fara haskawa a Maris 2013, aka kammala a ƙarshen 2020 da zango 6, kashi 89. Wanda duk ya kalla zai ɗauka rigimar mutanen Ragnar, jarumin shirin, da Ingila da Faransa ta addini ce, Odin, babban allan Vikings, a gefe guda, gicciye a ɗaya gefen. Haka abin yake? Sannan yaƙe-yaƙen, musamman na Paris, nawa ne gaskiya a ciki?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa addini sai an gyara lissafin shekaru, don a nan marubucin shirin, Michael Hirst, ya fi yin son ransa. Harin Lindisfarne, gidan sufayen Kirista a wani tsibiri na arewacin Ingila, ya faru ranar 8 ga Yuni 793. Shigar Paris ta farko a 845 ce. Babbar rundunar da ake jingina wa 'ya'yan Ragnar ta sauka Ingila a 865. Shi kuwa Rollo, da aka mayar ɗan'uwan Ragnar, sai a 911 ya karɓi ƙasar Normandi. Daga 793 zuwa 911 shekara 118 ke nan, ba yadda wa da ƙane za su raba ta tsakaninsu. Ecbert ya hau gadon Wessex, a kudancin Ingila, a 802, ya rasu a 839, bai taɓa ganin wannan runduna ba. Aella ma ba shi ke sarautar Northumbria, a arewacin Ingila, ba a 793, Aethelred ne. Shi kansa Ragnar, labarinsa da ramin macizai ya fito ne daga tatsuniyoyin da aka rubuta a ƙarni na 13, shekaru ɗaruruwa bayan zamanin. Abin da aka rubuta a lokacin da abin ke faruwa shi ne wani Reginherus da ya jagoranci harin 845. Kattegat kuma sunan mashigin teku ne tsakanin Denmark da Sweden, ba gari ba. Abin da kuke gani a talabijin bakin wani tafki ne a yankin Wicklow na ƙasar Ireland.

Injiniya Ado: Malam, ƙara da maganar kashi na farko, wai mutanen arewa, wato Vikings, ba su san da ƙasa a yamma ba sai da Ragnar ya samo faifan duba rana. Wannan ba ta shiga hankali. Kasuwar Ribe a Denmark tana ci tun farkon shekarun 700, fatake na kai da kawowa. Wajen 789 jirage uku sun tsaya a Portland, kudancin Ingila, wakilin sarki ya fito ya ɗauka 'yan kasuwa ne, suka kashe shi. Kuma a wasiƙar da malamin nan Alcuin ya aika wa Sarki Aethelred bayan harin 793, har faɗa ya yi wa mutanen Northumbria cewa suna kwaikwayon aski da gyaran gemun masu bautar gumaka. Ba ka kwaikwayon askin wanda ba ka taɓa gani ba.

Jirgin kuwa sun kusa kamo shi, illa dai an nuna Floki, mai ƙera jirgi a shirin, shi kaɗai a daji. Ga yadda ake yi. Ba a sa zarto. Ɗanyen gungumen oak miƙaƙƙe ake samu, a tsaga shi biyu ta tsawonsa, biyu su koma huɗu, huɗu takwas, a yi ta tafiya, kowane yanki ya bi jijiyar itacen, sai a fere da gatari mai faɗin baki. Katakon da aka tsaga haka yana lanƙwasa ba ya karyewa, shi ya sa ake sirantar da shi har kaurinsa ya koma kamar inci ɗaya. Wanda zarto ya yanka an datse masa jijiya, igiyar ruwa na dukansa zai tsage. Ana fara shimfiɗa ƙashin bayan jirgin, a ɗaga goshi da ƙeya, sannan a jera katakai daga ƙasa zuwa sama, kowanne ya hau leɓen na ƙasa da shi. A buga ƙusar ƙarfe daga waje, a ciki a zura mata ɗan faifan ƙarfe a dake kanta. Tsakanin katako da katako a cusa gashin dabba murɗaɗɗe da aka jiƙa da kwaltar itace. Haƙarƙarin ciki sai daga baya ake sa shi. Jirgin da aka tono a Gokstad a 1880 tsawonsa ya haura mita 23, faɗinsa kamar mita 5, layin katako 16 kowane gefe, ramin filafili 16 kowane gefe, kuma abin da ke nutsewa a ruwa bai kai mita ɗaya ba. Sirrin ke nan: yana ratsa teku, yana hawa kogi, ana kuma tura shi kan yashi ba sai an nemi tashar jirgi ba.

Auta: Yaya Injiniya, to mene ne ke fara lalacewa a irin wannan jirgi idan an shiga teku?

Injiniya Ado: Abu uku. Ƙusa, don ruwan gishiri da tsamin itacen oak suna cin ƙarfe. Yoyo, don jikin jirgin motsi yake da igiyar ruwa, kullum sai an sa masu kwashe ruwa. Na uku matuƙin baya, wanda ke rataye a gefen dama da igiya da madaurin fata. Gidan tarihin jiragen Viking na Roskilde ya sake ƙera wani jirgin yaƙi mai mita 30 da aka gina asalinsa kusa da Dublin wajen 1042. Shekara huɗu aikin ya ci, da ƙusa wajen 7,000. Da suka tuƙa shi daga Denmark zuwa Dublin a 2007, wannan madauri ne ya tsinke musu a tsakiyar ruwa. Kada kuma a manta da zanen da iska ke turawa, murabba'in mita 112 ne a wannan jirgi. A wancan zamani da ulu ake saƙa shi, a shafe da kitse don kada iska ta ratsa. Mata ne ke kaɗi da saƙar, kuma aikin bai gaza na jikin jirgin ba. Shirin bai ba su ko minti ɗaya a kan haka ba.

Yakubu na Zonkwa: Bari in koma kan tambayar Baban Hanifa. Gidajen sufayen Kirista na wancan lokaci banki ne babu mai gadi. Sarakuna da attajirai suna kai kyautar kofunan azurfa, akwatunan ƙasusuwan waliyyai masu ado da zinariya, littattafai masu bangon duwatsu masu daraja. Ga shanu, ga rumbuna, ga mutanen da ba su riƙe makami. An kuma gina su a tsibirai da bakin teku don kaɗaita da ibada, a zamanin da ba wanda ke tsammanin hari daga ruwa. Ku dubi abin da maharan ke yi da kayan. Akwai wani littafin Linjila mai rubutun zinariya da ke Stockholm yanzu, a gefen shafinsa wani basarake mai suna Alfred ya rubuta cewa shi da matarsa Werburg sun fanso shi daga hannun rundunar da tsantsar zinariya. Mai ƙin addini ƙona littafi yake, waɗannan ajiyewa suka yi har mai shi ya zo da kuɗi. A 858 sun kama shugaban sufayen Saint-Denis, Louis, da ɗan'uwansa Gozlin, aka fanshe da zinariya fam fiye da 680 da azurfa fam 3,250. A tsibirin Iona a 825 sun kashe Blathmac ne don ya ƙi nuna inda aka binne akwatin Waliyyi Columba, ƙarfen akwatin suke nema. Ita Lindisfarne ɗin ma ba ta mutu a 793 ba, sufaye sun ci gaba da zama har 875.

Ɗanlami Maƙeri: Malam Yakubu, kada mu wanke su tas. A 845 Reginherus ya rataye fursunoni 111 a wani tsibiri cikin kogin Seine a gaban idon sojojin Faransa, kuma rataya hanyar miƙa hadaya ce ga Odin. A 869 sun kashe Sarki Edmund na Gabashin Anglia, ana cewa don ya ƙi barin addininsa. Sannan kafin duk wannan, Charlemagne ya sare gunkin Irminsul na Saksawa a 772, ya karkashe mutum 4,500 a Verden a 782, a ƙasar da ke maƙwabtaka da Denmark. Ruwa ba ya tsami banza.

Yakubu na Zonkwa: Ban wanke su ba, Malam Ɗanlami, mutane ne masu kisa da kamun bayi. A Iona kaɗai sun kashe mutum 68 a 806. Amma mu bi hujjojinka. Ratayar 845 ta faru ne bayan Sarki Charles na Faransa ya raba sojojinsa biyu, gaɓa da gaɓa. Suka auka wa ƙaramin ɓangaren, suka rataye waɗanda suka kama inda ɗaya ɓangaren ke kallo, gwiwarsu ta yi sanyi. Ko da hadaya ce, amfaninta na yaƙi ne. Labarin shahadar Edmund dalla-dalla, Abbo na Fleury ne ya rubuta shi sama da shekara ɗari bayan mutuwarsa, tarihin zamanin cewa kawai ya yi an yi yaƙi, Danawa suka ci, suka kashe sarki. Abin mamaki ma, ba a yi shekara 30 ba Danawan da suka zauna a ƙasar suna buga kuɗi da sunan Waliyyi Edmund. Maganar ramuwar gayya kan Charlemagne kuwa, in haka ne me ya kai su Northumbria da Ireland, waɗanda ba ruwansu da Verden? Kuma 'yan Ireland Kiristoci su ma suna ƙona gidajen sufayen juna. Feidlimid sarkin Munster ya yi haka a Clonmacnoise, shi da yake malamin coci.

Addinin mutanen arewa ba shi da littafi, ba shi da masu wa'azi, ba ya neman kowa ya shigo. Shi ya sa Floki mai kashe Athelstan, sufin da Ragnar ya kamo, saboda kishin alloli ya fi kama da mutumin zamaninmu da aka sa wa kayan da. Gicciye Athelstan da bishop ya sa aka yi don ya yi ridda shi ne ƙarya mafi muni a shirin. Kiristocin Ingila ba sa gicciye mutum, a wurinsu wannan mutuwar Almasihu ce, ba a ba mai laifi ita.

Hajiya Tasalla: An kuma zalunci Ansgar, mai wa'azin Kiristanci. A shirin Aslaug, matar Ragnar, ta sa shi ɗaukar jan ƙarfe, hannunsa ya ƙone, aka kashe shi. Ansgar na gaskiya ya je Birka a Sweden wajen 830, sarki ya ba shi izinin wa'azi, aka gina coci. Ya zama babban bishop na Hamburg, Vikings suka ƙone garin a 845, duk da haka ya shawo kan Sarki Horik ya bar shi ya gina coci a Hedeby. Ya rasu a gadonsa a Bremen a 865. Labarin jan ƙarfe na wani ne daban, Poppo, a gaban Sarki Harald Bluetooth wajen 965, kuma a ruwayar hannunsa bai ƙone ba.

Zuwansa Birka na biyu ya fi nuna halin mutanen. Sarki ya ce ba shi da ikon yanke hukunci shi kaɗai, aka jefa ƙuri'a a tambayi alloli, sannan aka kai maganar taron gari. Wani dattijo ya miƙe ya ce wannan allah an gwada shi a hatsarin teku yana taimako, wasu har Dorestad suke zuwa nemansa, me zai sa a ƙi shi da ya zo har gida? Ƙari suka ɗauke shi a kan allolin da suke da su. A Trendgården ta Denmark an tono dutsen zubi na maƙerin azurfa mai ramin gicciye biyu da na gudumar Thor ɗaya, kowane mai saye da abin wuyansa.

Auta: Hajiya, to yankan mutane a Uppsala fa? Da ƙona jirgi da baiwa a jana'izar Haraldson?

Hajiya Tasalla: Waɗannan suna da tushe, ƙanena. Na Uppsala daga Adam na Bremen ne, wajen 1075: duk shekara tara ana taro, a yanka namiji tara daga kowane irin mai rai, har mutum, a rataye a bishiyoyin kurmin da ke kusa da ɗakin gumaka uku, Thor da Odin da Frey. Sai dai Adam bai je ba, ji ya yi, kuma malamin coci ne mai neman a tura masu bishara. Tsohuwar Uppsala fili ce shimfiɗaɗɗiya mai manyan tuddan kaburbura uku, ba kan dutse ba kamar yadda aka nuna.

Jana'izar kuwa daga Ahmad Ibnu Fadlan aka kwaso ta, wanda Halifa Muƙtadir ya tura daga Bagadaza a 921, ya isa wurin Bulgarawan kogin Volga a Mayu 922. Shi da idonsa ya gani. An ajiye gawar shugaban kwana goma ana ɗinka masa kaya. Dukiyarsa aka kasa uku: kashi ɗaya na iyali, ɗaya na tufafin, ɗaya na giya. Aka tambayi bayi wa zai bi shi, wata ta amsa. Aka yanka kare, dawaki biyu, shanu biyu, zakara da kaza, aka zuba a jirgi. Tsohuwar da suke kira mala'ikar mutuwa ita ta soke yarinyar da wuƙa, maza biyu suna shaƙe ta da igiya, wasu a waje suna dukan garkuwa da sanduna don kada a ji ihunta. Wankan fuska a kwano ɗaya da ake fyace majina a ciki, shi ma daga wurinsa ne. Abin lura kawai, Rusawan Volga ya gani a 922, shirin ya ɗauko ya dasa a Norway shekara 130 kafin nan.

Baban Hanifa: Madalla. Saura Paris.

Malam Sabo: Paris biyu aka haɗa aka dama. Ta 845 ba a yi wata ƙawanya ba: jirage 120, suka shiga a lokacin bikin Ista, mutane sun gudu, Charles ya biya azurfa fam 7,000, wajen tan biyu da rabi, suka tafi, cutar gudawa na kashe su a hanya. Wadda ake nunawa da Odo, hakimin Paris, da ganuwa ita ce ta 885 zuwa 886, kuma a wannan ba su shiga birnin ba sam.

Birnin yana kan tsibiri, gada biyu ta haɗa shi da gaɓa, kowace da hasumiya a bakinta. Gadojin ne matsalar, don sun tare kogi, jirgi ba ya wucewa sama. Tun dokar Pistres ta 864 aka koma wannan dabara ta toshe koguna da gada mai tsaro. Sigfred, jagoran Vikings, ya iso ƙarshen Nuwamba 885 ya nemi hanya, Bishop Gozlin, wanda Malam Yakubu ya ce an taɓa fansa, ya hana. Suka far wa hasumiyar arewa da ba a gama ginawa ba. Masu tsaro suka yi ta kwarara musu tafasasshen mai da kakin zuma da kwalta, da dare kuma suka ƙara wa hasumiyar hawa guda na katako. Ƙarshen Janairu suka dawo da gungumen fasa ƙofa da manjaniƙi, suka cike gwalalo da ciyawa da mushen dabbobi da gawar fursunoni. Suka cinna wa jirage uku wuta suka sako su kan gada, jiragen suka maƙale a tulin duwatsun da ke riƙe da ƙafafunta. Abin da makami ya kasa ruwa ne ya yi: ranar 6 ga Fabrairu 886 ambaliya ta tafi da ƙaramar gadar kudu, mutum 12 suka rage a hasumiya ba hanyar komawa, aka ƙone ta aka kashe su. Sigfred ya karɓi azurfa fam 60 kacal ya janye, Gozlin ya mutu da annoba a Afrilu. Da sarki, wani Charles daban da na 845, ya iso da runduna a kaka, maimakon yaƙi sai ya yi alkawarin fam 700 ya kuma bar su su wuce Burgundi. Mutanen Paris suka ƙi buɗe kogi, dole Vikings suka ja jiragensu ta tudu suka kewaye birnin. Wannan abin kunya na cikin abin da ya ci sarautarsa a 887, aka naɗa Odo sarki a 888. A shirin kuwa an kashe Odo da bulala a ɗaki.

Wani Abbo daban, sufin da ke cikin birnin, ya ce jirage 700 da mutum 40,000. A rage masa sosai, waƙar yabo yake rubutawa.

Issoufou Damagaram: Dabarar akwatin gawa da Ragnar ya shiga Paris da ita ma aro ce. Dudo, marubucin tarihin Normandi, ya ba da ita a kan Hastein, wani jagoran Vikings, a garin Luna na Italiya: ya nemi baftisma, ya yi mutuwar ƙarya, aka shigo da shi coci, ya tashi da takobi, wai a zatonsa Roma ce. Wannan a tafiyar 859 zuwa 861 ne, wadda ake cewa da Bjorn ɗan Ragnar aka yi, jirage 62. Marubutan Andalus sun san su sarai, Majusawa suke kiransu. Tun 844 sun hau kogi sun ci Ishbiliya, Abdurrahman na biyu ya turo runduna daga Ƙurɗuba ta murƙushe su a Nuwamba, aka ƙone musu jirage 30. Daga nan ya gina wa birnin ganuwa da wurin ƙera jiragen yaƙi. Shi ya sa da suka dawo a 859 suka tarar da gaɓa a tsare, sai suka zarce suka ƙone masallacin Jaziratul Khadra, suka tsallaka suka washe Nakur a gaɓar Maroko. Wannan ma yana goyon bayan Malam Yakubu, coci da masallaci duk ɗaya ne a wurinsu, inda dukiya take ba tsaro nan suke nufa. Inda tsaro ya yi ƙarfi sai su koma ciniki. A Spillings, tsibirin Gotland, an tono azurfa kilo 67 a 1999, da tsabar kuɗi sama da 14,000, kusan duka dirhamin ƙasashen Musulmi. Da bayi da fatu da takubba suka saye su.

Kwallin da Floki ke rambaɗawa ma ba ƙirƙira ba ce. Ibrahim ɗan Yaƙub na Turtusha, da ya je Hedeby wajen 965, ya ce maza da mata suna sa shi.

Ɗanlami Maƙeri: To na sauko rabi. Amma a kan kayan yaƙi ba mai kare shirin nan. Jarumai suna shiga fage kai ba kwalkwali, sanye da baƙar fata mai ƙusoshi, don dai mai kallo ya gane fuska. Sojojin Wessex kuma an ɗora musu kwalkwalin ƙarni na 16. Sun dai kyauta da ba su sa ƙaho ba. Kwalkwalin da aka tono a Gjermundbu ta Norway a 1943 ƙoƙon ƙarfe ne mai kariyar ido da hanci. Sulke na masu hali ne, zobe dubbai, kowanne sai an ja waya an naɗe an dake, mai kyau kuma sai an ɗaure bakin zoben da 'yar ƙusa. Talaka mashi da gatari da garkuwa yake da su. Takobi mai kyau daga ƙasar Faransawa yake zuwa, irin masu tambarin Ulfberht da aka samu wajen 170, har dokar 864 ɗin nan ta yanke hukuncin kisa ga mai sayar wa mutanen arewa makami ko sulke ko doki.

Garkuwa 64 aka samu a jirgin Gokstad, faɗin kowace santimita 94, sirararan katakai da kaurinsu bai kai santimita ɗaya ba, da ƙoƙon ƙarfe a tsakiya inda hannu ke riƙewa ta baya. Irin wannan in ka tsaya ka kafa ta kana jiran sara, gatari zai raba ta ta jijiyar katako. Rufin ɗanyar fata da ɗaurin baki ke hana ta tarwatsewa, kuma karkata ta ake yi a ture makami gefe. A shirin ana kiran a haɗa garkuwa, minti ɗaya kowa ya watse yana faɗa shi kaɗai yana juyi. Wanda ya bar sahu ya buɗe haƙarƙarin na kusa da shi. Yawancin kisa ma sai sahu ya karye ake yinsa, a bayan masu gudu.

Uwar Biyu: Malam Ɗanlami, mata fa? Kada a ce Lagertha ma ƙarya ce.

Ɗanlami Maƙeri: Sunanta daga Saxo ne, marubucin Denmark na wajen 1200, shi kuma ya cika ƙarin gishiri. Amma akwai kabarin Birka da aka tono a 1878: takobi, gatari, mashi, kibau, garkuwa biyu, dawaki biyu. Sama da shekara ɗari ana cewa jarumi ne namiji, sai gwajin ƙwayar halitta a 2017 ya nuna mace ce. Mace mai makami akwai ta, Hajiya. Rabin runduna mata kamar a shirin ne babu shaidarsa.

Malam Sabo: Akwai wurin da addini ya shiga yaƙin da gaske, shirin bai tsaya a kansa ba: rantsuwa. Yaya za ka ƙulla sulhu da wanda ba ku rantsuwa da abu ɗaya? A 876 a Wareham, Alfred sarkin Wessex ya sa rundunar Guthrum, shugaban Danawa, ta rantse da zobensu mai tsarki, aka yi musayar mutanen jingina. Da dare suka sulale a kan dawaki zuwa Exeter. A Janairu 878 suka auka masa a Chippenham cikin hutun Kirsimeti, ya tsere fadamar Athelney. A Mayu ya tara jama'a ya karya su a Edington, ya tsare su a sansani kwana 14 har yunwa ta fito da su. Wannan karon sharaɗin baftisma ne. Guthrum ya zo Aller da manyansa 30, Alfred ya tsaya masa uban baftisma, aka sa masa suna Athelstan, aka yi kwana 12 ana biki da kyauta. Ya zama ɗa ke nan a idon jama'a, cin amanar uba kuma abin kunya ne a al'adar kowane ɓangare. Irin cinikin da aka yi da Rollo ke nan a 911: ƙasa a bakin Seine, baftisma da sunan Robert, shi kuma ya tare wa 'yan'uwansa kogi.

Alfred bai dogara da ruwan baftisma kaɗai ba. Ya kafa garuruwa masu ganuwa sama da 30, yadda da wuya ƙauye ya yi nisan mil 20 da ɗaya. Lissafin tsaron a rubuce yake: mutum huɗu a kowane tsawon ganuwa na kamar mita 5, kowace gonar gida ɗaya ta kawo mutum ɗaya. Winchester an rubuta mata gonaki 2,400, in ka buga ya ba ka kusan kilomita 3, daidai da tsawon tsohuwar ganuwar Romawa da ke kewaye da ita. Ƙarfin Vikings sauri ne da shammata, su sauka, su ƙwaci dawaki, su kame gari kafin a tara mayaƙa. Da rundunar 892 ta zo ta tarar da wannan tsari, shekara huɗu tana yawo ba ta ci ƙasa ba, ta watse a 896.

Auta: Baba Malam, Alfred ɗin ɗan Athelstan ne da Judith kamar yadda aka nuna?

Malam Sabo: A'a. Autan Sarki Aethelwulf ne, uwarsa Osburh. Judith ta gaskiya 'yar Sarki Charles na Faransa ce, Aethelwulf ya auro ta a 856, matar uba ce ga Alfred, ba 'yar Aella ba.

Uwar Biyu: Hukuncin nan da aka yi wa Jarl Borg da Aella, na fasa baya a zaro huhu, wanda ya sa mutane ke kawar da kai, an taɓa yinsa kuwa?

Hajiya Tasalla: Masana sun rabu. Tarihin Ingila cewa ya yi Aella da Osberht sun mutu a Maris 867 suna ƙoƙarin ƙwato York, wadda rundunar ta kama a Nuwamba 866, bai ambaci wata azaba ba. Tushen maganar baiti ne na wani mawaƙin fada na ƙarni na 11, mai cewa Ivar ɗan Ragnar ya sa gaggafa ta yanki bayan Aella. Roberta Frank ta yi bayani a 1984 cewa manufar mawaƙin an bar gawarsa tsuntsaye suna ci, marubutan baya ne suka ɗauki baitin a zahirinsa, kowa yana ƙara nasa, har aka kai ga haƙarƙari da huhu da gishiri. Wani bincike na 2022 da aka yi da masana jikin ɗan'adam ya ce da makaman zamanin za a iya yi, amma da zarar an huda ƙirji ta baya huhu zai saɓule, ga zubar jini, mutum zai cika tun ana kan haƙarƙarin farko. Borg da ya daure har ƙarshe bai yi ƙara ba don ya shiga Valhalla, gidan Odin na jaruman da suka mutu, wannan aikin marubuci ne.

Injiniya Ado: Baban Hanifa, in za ka ci gaba zuwa zango na 6, ka shirya ganin Oleg na Kiev a matsayin Kirista mai kai yaƙi Norway. Oleg da allolin gargajiya ya rantse a yarjejeniyarsa da Rumawa, ya mutu wajen 912, Kiev kuwa sai 988 Vladimir ya karɓi baftisma, kuma ba rundunar Rus da ta taɓa zuwa cin Norway.